A Yi Maganar Kare Kafin a Sa Rana

Wata ƙanwata, 'yar ƙanwar mahaifiyata, malamar jinya a Kano, ta kira ni a waya wani dare cikin damunar da ta wuce. Ta ce, "Yaya, ina da magana, amma don Allah kada ka yi mini dariya." Na ce ba zan yi ba. Ta ce saurayin da ke neman aurenta, wanda kowa a gida ya riga ya yaba da hankalinsa, yana da karnuka har biyu. Kuma ba irin waɗanda ake saki su yi ta gararamba a kan juji ba ne. Yana yi musu wanka, yana cire musu kaska da hannunsa, har sau biyu yana katse zance tun kafin magariba ya kama hanyar Gwarzo, wai ya baro su ba wanda zai ba su abinci. Na karya alkawari na yi dariyar, ta kashe wayarta.

Da na sake kiranta na ba ta haƙuri, sai na gane maganar ta wuce abin dariya. Yaron malamin makaranta ne, mutumin Madadi, kuma gidansu gidan farauta ne tun daga kakansa. Shi bai gaji gora da bindigar toka ba, alli ya riƙe, amma ya gaji karnukan da son su. Ita kuwa tun tana 'yar shekara bakwai wani kare ya bi ta a hanyar Islamiyya, har yau in ta ji haushi gabanta faɗuwa yake yi. Ta kai kukanta wajen goggonta, Goggo ta ba ta shawarar da na tabbata mata da yawa za su bayar: "Ke 'yar nan, yi shiru da bakinki. A ɗaura aure tukuna. In kin shiga ɗaki, wata guda ya ishe ki ki sa a kore su."

Wannan shawara ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ina ganin kuskure ce, kuma irin kuskuren da ke cin aure a hankali kamar gara. Wanda zai auri mai kare, ko mai kowace dabba da ransa ya ɗamfaru da ita, to dabbar tana cikin abin da ya gani ya ce yana so. Maganarta kamata ya yi a baje ta a faifai kafin a sa rana, daidai da maganar aikin mace da garin da za a zauna.

Tsarin neman aurenmu kansa shi ke ɓoye wannan matsala. A Turai da Amurka, inda kare ke kwana a falo, ranar da ka fara zuwa gidan wadda kake so ranar za ka haɗu da karenta, ku fara auna juna. Mu kuwa saurayi ne ke zuwa gidan budurwa, ya sha wanka, ya fesa turare, ya zauna a zaure ko a kan tabarma a ƙofar gida. Abin da ya baro a gida ya baro shi. Masu bincike za su je su tambayi asalinsa, da sana'arsa, da ko yana sallar jam'i, da ko akwai wata cuta a zuri'ar. Ba mai tambayar me ke ɗaure a turke. Sau da yawa 'yan jere ne ke fara cin karo da kare, su dawo suna salati, alhali an riga an kai lefe an buga kati. Amarya kuwa sai daren da aka kai ta, tana lulluɓe, ta ji haushi a bayan ɗaki. Da saurayin ƙanwata bai kasance mai saka hoton karnukansa a WhatsApp ba, da haka za ta same ta.

Abu na farko da aka jefo a gidanmu shi ne addini: kare najasa ne, an gama magana. A nan ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, domin abin da muka taso muna ji da abin da ke cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure ba su zo daidai ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa tun ƙarnoni, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa, kuma kare bai fita daga wannan hukunci ba. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallage a cikinta, malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin bin umarni don bauta, ba su kafa hujja da shi a kan cewa jikin karen najasa ne ba. Shafi'iyya ne suka tsaya a kan cewa najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Saɓani ne tsoho tsakanin manya, kuma wanda ya zaɓi ya bi mafi tsanani don tsantseni ba a ce ya yi laifi ba. Amma ba daidai ba ne a gaya wa yarinya cewa in gefen zanenta ya taɓa kare sallarta ta ɓaci a wajen kowa.

Inda aka yi tsanani shi ne dalilin ajiye shi. Hadisi ya inganta cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta, ko kiwo, ko gona ba, ladansa na raguwa kullum, haka kuma hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ta hana ajiye kare a gidaje sai don gona, ko dabbobi, ko farautar neman abinci. Sai dai masu sharhin Risalar sun kawo wani labari mai daɗi game da shi kansa marubucin: katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, sai ya ajiye kare yana gadi. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ɗaure. Duk wanda ke zaune a yammacin Kano, kusa da iyakar Katsina, ya kuma san yadda ake kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda ɓarayin shanu, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhin wannan amsa. Karnukan saurayin nan suna gadin awakin mahaifiyarsa da rumbunan gida, da rani kuma ƙannensa na fita farauta da su. Ta fuskar fiƙihu dai, ban ga inda za a kama shi ba.

Saura me? Saura ƙyama da tsoro, kuma dukansu gaskiya ne, ba abin kunya ba ne. Mun taso a harshen da "kare" zagi ne, "karya" ta fi shi muni, "karen farauta" kuma shi ne ɗan koren azzalumi. Mun taso muna ganin yara na jifan duk karen da ya gifta. Mace tana da cikakken haƙƙi ta ce, "Ni ba zan iya zama gida ɗaya da kare ba," kamar yadda take da haƙƙin cewa ba za ta zauna a ƙauye ba. Abin da nake ƙi shi ne a sa wa ƙyama rawani a kira ta hukuncin Allah, domin da zarar an yi haka an rufe ƙofar sulhu: ba a ciniki da haram. In kuwa an kira abin da sunansa, aka ce tsoro ne, to tsoro ana lallashinsa, ana yi masa iyaka, wani lokaci ma yana warkewa.

Shawarar Goggo tana da wani aibu da ya fi wannan. Ta ɗauka cewa son da mutum ke yi wa dabbarsa wasan yara ne da aure zai yaye shi daga gare shi. Wanda bai taɓa zama da mafarauta ba ne zai yi wannan zato. Mutumin da ya ɗauko ɗan kwikwiyo tun idonsa bai gama buɗewa ba, ya raine shi da kunu, ya raɗa masa suna, ya yi jinyarsa ranar da ƙaya ta soke shi, ba zai kore shi a wata guda ya manta ba. Zai iya korar, don kunya ko don zaƙin amarci. Amma zai riƙe abin a ransa, kuma ranar da aka yi faɗan farko a kan kuɗin cefane, karen zai dawo cikin maganar ko da ya shekara da mutuwa. Haka abin yake ga mai tattabaru, da mai doki, da matar da ke da kyanwa sabon miji ya ce shi bai yarda da idonta ba. Shiga gida da niyyar da aka ɓoye yaudara ce, ko da ƙarama ce, kuma mu da muke ta kuka da yawan mutuwar aure a Kano bai kamata mu riƙa koya wa 'ya'yanmu fara shi da ita ba.

Ni a wajena ma karnukan shaida ne a kan yaron, shaidar da ta fi ta masu bincike. Zance wuri ne na nuna kyakkyawar fuska. Kowa mai haƙuri ne a ƙofar gidan surukai. Dabba kuwa ba ta da dangin da za su bi mata kadi, ba ta kai ƙara wajen kowa. Yadda mutum ke yi da abin da ke ƙarƙashin ikonsa, wanda ba zai iya rama masa ba, shi ne halinsa. Na ce wa ƙanwata, in ta sami hali ta lura da abu guda: idan ya ɗaga hannu, karnukan suna maƙalewa ne ko suna matsowa? Ban ce duk mai tausayin kare mijin kirki ne ba. Akwai wanda zai saya wa karensa nama ya bar iyalinsa da gaya. Amma namijin da zai bar hira da budurwa don wata halitta na jin yunwa a gida, ni dai ban ga abin tsoro a tattare da shi ba.

Shi ma mai karen akwai abin da ke kansa, kuma a nan ba na sassauci. Na farko allurar riga-kafin ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta na kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Allurar kuwa ba daga sama ake sauko da ita ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana cikin masu haɗa ta, kuma likitan dabbobi zai yi ta ya ba da takarda. Macen da ta nemi ganin takardar gwajin jini kafin aure tana da haƙƙin ganin wannan ma. Ƙanwata, da yake aikinta ne, ta fi ni sanin sauran: in an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa. Bayan allura sai iyaka: karnuka su sami makwancinsu da kaskonsu nesa da ɗaki da madafa da wurin salla. Mai son kare da ya ƙi yarda da wannan, son kansa yake yi.

Yadda aka yi ta gan su kuwa, dalili ne ya kawo. Mahaifiyar yaron ta kwanta rashin lafiya bayan an yi gaisuwar iyaye, sai ni da yayanta muka raka ta dubiya Madadi. Kafin mu shiga, ya fito ya tare mu a ƙofar gida ya ba ta darasi a taƙaice, na kuma ga yana da hikima. Ya ce kada ta gudu, kada ta zuba musu ido, ta tsaya a gicciye ta bar su su zo su shinshina ta da kansu. Ya ce kada ta kusanci kare yana cin abinci, ko karya mai jego. Sai ya ƙara da abin da ban taɓa tunaninsa ba: kada ta sunkuya da sauri, domin karen ƙauye in ya ga mutum ya duƙa, dutse yake zaton zai ɗauka. Mu muka koya musu wannan.

Babban, wani ja mai tsinin baki da ake kira Ƙyale-su (sunan karen Bahaushe da wuya ya rasa habaici ga maƙwabta), ya zo ya shinshina gefen hijabinta ya juya abinsa, kamar wani dagaci da ya gama duba baƙo. Ƙaramar ce ta tsaya tana kaɗa wutsiya. Hannun ƙanwata na rawa ta jefa mata guntun ƙosai daga nesa. Ba ta taɓa su ba a ranar, kuma ta ce mini ba ta jin za ta taɓa taɓa su. Ya ce bai nemi ta taɓa ba.

A mota muna dawowa, mun wuce Gwarzo ke nan, ta lissafa mini sharuɗɗanta guda uku: allura duk shekara, a zagaye musu wuri a bayan gida, kuma in Allah ya kawo haihuwa ba za su shigo tsakar gida ba sai yaro ya yi wayo. Ya karɓi biyu nan take. Na ukun ya ce a bar shi ya yi shawara da mahaifinsa, domin gidan ba nasa ne shi kaɗai ba, kuma tsohon ya saba karnuka na kwance a gindin kujerarsa da hantsi. Har yanzu ana kan wannan. An sa rana bayan kaka, in an gama kai amfanin gona gida. Goggo ta ce ita dai ba za ta je jere ba sai an ɗaure su.