Sanarwar Bayan Taro Kan Auna Raɗaɗin da Jarirai Sabbin Haihuwa Ke Ji

Mu ma'aikatan jinya da ungozomomi da likitocin yara na wannan ƙungiya mun kammala taronmu, kuma batu ɗaya ne ya cinye mana lokaci: yadda za a gane jariri yana jin zafi alhali ba shi da bakin faɗa.

Taron ya waiwayi tarihi da takaici. Har tsakiyar shekarun 1980 ana yi wa jarirai tiyata a Amurka da Ingila da ɗan maganin kashe zafi, wani lokacin ma babu, bisa zaton jijiyoyinsu ba su gama ƙwari ba. A 1987 Dakta Anand da Dakta Hickey suka wallafa hujjojin da suka rusa wannan zato. A 2015 kuma masu bincike a Jami'ar Oksfod suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai, suka tarar cikin sassa 20 da ke motsawa idan babba ya ji zafi, 18 na motsawa a jariri. Wani bincike da aka wallafa a 2008 kan jarirai 430 a asibitocin yankin Faris ya nuna ana yi wa kowanne abin da ke sa zafi kimanin sau 10 a rana, kuma sau ɗaya cikin biyar kacal ake yin wani tanadi na musamman don sauƙaƙa masa.

Abin da ya fi damun mahalarta shi ne dogaro da kuka kaɗai. Kowannenmu ya taɓa tsayawa kan bakwaini a kwalba ana huda masa dunduniya don ɗibar jini. Ko uffan bai ce ba, sai a ce yaron kirki ne. Amma da za a duba fuskarsa, an ga goshi ya tattare, idanu sun runtse gam, layin da ke tsakanin hanci da gefen baki ya zurfafa, ɗan hannun ya dunƙule, bugun zuciya ya hau. Ƙarfin kukan ne ba shi da shi.

Don haka taron ya amince a riƙa auna raɗaɗi ana rubutawa a katin jariri, kamar yadda ake rubuta zafin jiki. Mun zaɓi ma'aunin NIPS na 1993 don amfanin yau da kullum, saboda ido da kunne kawai yake buƙata. Abu shida ake dubawa: fuska, kuka, numfashi, hannuwa, ƙafafu, da ko yana barci ko ya firgita. Makin daga 0 ne zuwa 7, kuma idan ya haura 3 akwai zafi. Inda ake da na'urar auna bugun zuciya da iskar jini, a yi wa bakwaini amfani da ma'aunin PIPP.

Aunawa ba ta wadatar ba sai an yi wani abu a kai. A bar uwa ta shayar da ɗanta yayin allura, ko ta kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata. Idan ba hali, a ɗiga masa ruwan sukarin da asibiti ya haɗa a harshe, minti 2 kafin a fara. Muna jaddadawa, na asibiti muke nufi, kuma ba a ba yaron da bai shekara ba zuma. Tiyata da kaciya kuwa, sai da maganin kashe zafi na sosai.

An kuma tattauna cire belu da ake yi wa jarirai a gidajenmu cikin makon haihuwa. Da ladabi muke roƙon iyaye da kakanni da wanzamai su bar wannan al'ada, domin bayan azabar akwai haɗarin zubar jini da shigar cuta.

Iyaye mata, idan kun ga fuskar jariri ta sauya, ku gaya wa ma'aikaciyar da ke bakin aiki nan take.

Sa hannu:
Shugaba da Sakatariya, a madadin ƙungiya