Wa zai ceci muryar Ɗan Gurmu?

Tun 1958 da aka buɗe Rediyo Nijar, wadda ta koma Muryar Sahel a 1974, ake ɗaukar makaɗan ƙasar nan a kan zaren bandi. Ɗan Gurmu na Tawa, da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, da Mamman Gawo Filinge duk sun kwanta dama. Abin da ya rage daga muryarsu yana kan wannan zare da kan kaset, zare kuwa ba ya jiran kasafin kuɗi.

Laimar damina tana lalata ƙaron da ke riƙe da sautin, sai zaren ya manne da juna, ranar da aka sa shi ga inji ya saɓule. Faifan garmaho zafi ke lanƙwasa shi, ƙura ta cinye layinsa. Tsofaffin injunan Studer da Nagra sun rasa kayan gyara, masu gyaran su ma sun tsufa. A 2019 UNESCO ta yi kashedi cewa wajen 2025 karanta irin wannan zare zai fara gagara. Wa'adin ya cika.

Abin kunya ya riga ya faru. Kiɗan Mamman Sani, wanda aka ɗauka a gidan rediyon ƙasa, sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a 2013 kafin duniya ta ji shi. Baƙo bai yi laifi ba. Mai gida ne ya yi barci.

Ya kamata ma'aikatar al'adu ta faɗa wa jama'a ƙarara: bandi nawa ke ajiye a RTN, da IRSH, da cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya? Nawa aka juya cikin kwamfuta? Nawa suka mutu? Aikin sananne ne: ɗaki mai sanyi marar laima, a share zare, a juya shi, a rubuta sunan makaɗi da gari da shekara, a ajiye kwafi biyu a garuruwa biyu.

Alhazan Maraɗi da na Damagaram su ma da nasu rabon. Makaɗan nan sun wasa iyayensu da kakanninsu, sun kai sunayensu inda fatauci bai kai ba. Kuɗin mota guda ya isa sayen inji da horar da matasan da za su riƙe shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan kuwa, in zaren ya ruɓe, babu sauran wanda za a biya.