WA KE BIYAN KUƊIN ASIBITIN WAJE?

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a kasuwanninmu, tun daga Dawanau har Bichi da Dambatta da Kunci, watau maganar fita waje. Da can in an ce wane ya fita waje, to, ko Hajji ya tafi, ko fataucin goro Gwanja. Yanzu kuwa in ka ji an ce an fita da Alhaji wane, ka san ciwo ne ya gagari asibitocinmu, an nufi Alƙahira ko Indiya ko Dubai da shi. Bayan wata biyu sai ka ji dillali yana cigiyar mai sayen gonarsa ta bakin hanya. Abin ya wuce zancen attajiran birni, ya iso rumfar mai awon gero, domin wannan muka ga ya kamata mu zauna da ku a kansa a wannan mako.

Tsofaffinmu sun sani, zamanin Turawa asibitin Nassarawa na Turawa ne, asibitin birni kuwa, wanda ake kira Murtala yanzu, shi ne na baƙar fata. In ciwon Bature ya yi tsanani ba a wasa da shi, jirgi ake sa shi a mai da shi Ingila, kuɗin kuwa daga baitulmali, watau daga haraji da jangalin kakanninmu. Aka sami mulkin kai a 1960, Bature ya kama hanya, manyanmu suka gaji gidajen Nassarawa, suka gaji wannan al'ada tare da gidajen.

Ba mu yi wa mamaci gori, ciwo kuwa ba wanda ya fi ƙarfinsa. Amma abin da ya faru a gaban idon kowa ba laifi ba ne a faɗe shi. A watan Nuwamba na 1960 ba wanda zai yarda in an ce masa bayan shekara 49 shugaban ƙasar nan zai kwanta a asibitin Jidda wajen wata uku, ƙasa tana zaune ba a san mai riƙe da ita ba. Haka kuwa aka yi da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua daga Nuwamba 2009 zuwa Fabrairu 2010. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi sama da kwana 100 a Landan a tafiya guda cikin 2017, kuma a wani asibitin Landan Allah ya karɓi ransa a watan Yuli na 2025. Allah ya jiƙansu. A cikin wannan shekara ta 2017 uwargidan shugaban ƙasa da bakinta ta gaya wa duniya cewa ta nemi a ɗauki hotonta a asibitin fadar gwamnati aka ce na'urar ba ta aiki, sai da ta je wani asibiti na baƙi. To, in asibitin fada ke nan, ina labarin ɗakin shan magani na ƙauyen Makoɗa?

Wani abin da yawancinku ba a taɓa gaya muku ba shi ne akwai doka a kan wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 46, ta hana a ɗauki kuɗin jama'a a kai ma'aikacin gwamnati magani waje, sai fa in kwamitin likitoci ya duba ya ce lalle ba makawa, minista ko kwamishina kuma ya sa hannu. Doka ce mai kyau. Shin wa ya taɓa ganin jerin sunayen waɗanda kwamitin ya yarje wa? Wa ya taɓa jin an ce an hana wani babba?

Yanzu bari mu duba yadda baƙo yake yi da ciwo a ƙasar da ba tasa ba, gama a nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Baƙin da ke aiki a manyan kamfanoni, ko a nan ko a ko'ina, ba su dogara da aljihunsu ranar da ciwo ya zo. Suna da abin da ake kira inshora. Ku ɗauke ta kamar adashi, sai dai da bambanci guda: a adashi kowa yana jiran ranar kwasarsa, a inshora kuwa kowa yana zubi, amma wanda ciwo ya kayar shi kaɗai ke kwasa, kuma asibiti ake biya, ba a ba shi a hannu. Mutum dubu suna zubi, goma suka kwanta, kuɗin dubun nan ya ɗauki nauyin goman. Wanda shekara ta zagayo bai kwanta ba bai yi asara ba, ya sayi kwanciyar hankali ne.

Ƙasashen da mutanenmu ke zuwa ci-rani ba su bar abin nan ga ra'ayin mutum ba. A Saudiyya tilas ne uban gida ya yi wa ma'aikacinsa baƙo inshora, ba a ma sabunta iƙama sai da ita. Dubai ta kafa irin wannan doka a 2013. Wanda ke neman bizar shiga Faransa ko Jamus sai ya nuna takardar inshorar da za ta iya ɗaukar Yuro 30,000. Ingila, wadda ake yi wa kirari da asibitin kyauta tun 1948, kyautar ta 'yan gida ce. Baƙon da zai zauna aiki yana biyan kuɗin lafiya tun kafin a buga masa biza. An fara da fam 200 a shekara cikin 2015, a 2024 aka kai shi fam 1,035 a kan kowane babban mutum. Wanda ya je ziyara kawai aka kwantar da shi, ana yi masa lissafin kuɗin aikin har da ƙarin rabinsa, in kuma ya gudu da bashin fam 500 ko fiye ana iya hana shi biza nan gaba. Ku lura, duk dabarar guda ce: ba su yarda baƙo ya taka ƙasarsu ba sai an san wanda zai biya in ya faɗi.

To, ina 'yan'uwanmu da suka tafi Umara suka maƙale, waɗanda ake ce wa 'yan takari? Kowane gari a nan yana da nasa, maza da mata, masu aikatau a gidajen Jidda da Makka, suna aiko da kuɗin taki da na kwanon rufi. Inshorar da ke cikin kuɗin bizar Umara ta ƙare ran da bizar ta ƙare. Ba iƙama, ba kati, in an je asibiti kuwa ana tsoron kamu. Sai mutum ya yi ta sayen ƙwaya a kantin magani yana ɓoye ciwo, har ranar da za a sauke shi a filin jirgin Kano ba ya iya tsayuwa. Masu zuga yara su sayar da akuya da keke su biya ejan, ku riƙa gaya musu wannan ɓangaren labarin kuma.

Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne majinyacin da aka ɗauka daga nan aka nufi asibitin kuɗi na waje. Shi ba ya cikin adashin kowa. Inshorar tafiya da ake sayarwa tare da tikiti ba ta biyan ciwon da mutum ya taho da shi daga gida, hatsari da ciwon farat ɗaya take biya, wannan kuwa a rubuce yake cikin ƙananan baƙaƙen da ba mai karantawa. Saboda haka kowace allura daga aljihu take.

Ga yadda abin ke tafiya. Dillali, wanda galibi asibitin ke ba shi la'ada a kan kowane kan da ya kawo, zai kawo muku wasiƙa mai hatimi an rubuta aikin zai ci dala kaza. Iyali su zauna su yi lissafi, a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, 'yan'uwa su yi karo-karo, kuɗi ya cika. Abin da ba a gaya musu ba, wannan wasiƙa kintace ce kawai. Ana isa za a ce a ajiye kuɗi kafin a ba da gado, sa'an nan a sake duk gwajin da aka yi a Kano daga farko. In aikin ya zo da gardama aka kai mutum ɗakin kulawa ta musamman, kowane dare da kuɗinsa. Ga hayar ɗakin mai jinya, ga abinci, ga tafinta. Kuma duk da dala ake lissafi. Kun dai gani da idonku, kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. Buhun gero nawa ke nan? In kuɗi ya yanke a tsakiyar jinya ba gaba ba baya, sai wayar dare: a sayar da ɗaya gonar. A ƙasarmu ta nan kuwa, inda gona ke jingine da gona, ba sauran daji da za a sare, wanda ya rabu da gonar gado ya rabu da ita ke nan, 'ya'yansa sun zama 'yan ƙwadago a kan kunyar ubansu.

Masu ciwon ƙoda su ƙara kula. Dokar Indiya ta 1994 ta hana cinikin ƙoda. Mai bayarwa sai ɗan'uwa na kusa, in ba haka ba sai wani kwamiti ya bincika ya yarda. Duk wanda ya ce muku zai samo muku ƙoda a can in kun ƙara kuɗi, ɗaurin kai yake sayar muku. Ba ku manta ba, a 2023 kotun Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8 a kan wani yaro ɗan tireda da aka ɗauko daga Legas domin ƙodarsa. Ɗan kasuwa ne kamarku. Bayan haka, wanda aka yi wa dashe zai sha magani mai tsada muddin ransa, kuma likitan da ya yi aikin yana can bayan teku ran da jiki ya motsa. Alhali Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Ba mu ce kowane ciwo ana iya masa a gida ba. Akwai wanda lalle sai an fita. Muna cewa dai kada a sayar da ko taki guda na gona sai babban likita na asibitin koyarwa, wanda ba shi da la'ada a ciki, ya ce a nan an gaza. In ya ce haka, a nemi asibitin can ya rubuto abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, a kuma yi magana da su kai tsaye, ba ta bakin dillali ba.

Amma fa gyaran gaskiya a gida yake, kuma nan ne muke da ƙorafi. A cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan, fiye da 70 daga aljihun majinyaci take fitowa a bakin taga. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, ta tsaya galibi a kan ma'aikatan gwamnati masu albashi. A 2022 aka sake doka aka ce inshora ta zama tilas a kan kowa, da asusu na musamman domin marasa ƙarfi. Duk da haka da ƙyar masu kati suka kai mutum ɗaya cikin goma. A Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika shi ba. A jihohi kuwa, ko inda aka rubuta adadin a takarda, sakin kuɗin wata magana ce dabam. Fataken goro da ke zuwa Kumasi su ba ku labari: Ghana ta kafa nata tsarin a 2003, ta ɗora shi a kan ɗan ƙarin harajin kaya, har Bahaushiyar zango mai tallan koko tana iya yankar kati. Da me suka fi mu?

Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya tun dokar 2016, kuma ƙofarta ba ta ma'aikata kaɗai ba ce, ɗan kasuwa da manomi suna iya shiga. Akwai kuma kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya da dokar 2014 ta keɓe domin ƙananan asibitoci, da nufin kowace mazaɓa ta sami guda mai aiki. Mazaɓu 484 ne a jihar nan. Kowa ya je ya duba na mazaɓarsa: akwai ungozoma da dare? Akwai magani a kanta, ko takarda ake rubuta maka ka tafi kemis? An kafa sunayen marasa ƙarfin da aka yi wa rajista kyauta a inda kowa zai karanta, ko kuwa 'yan gidan kansila ne suka cika takardar?

Abin da muke nema ba shi da wuyar fahimta. Gwamnati ta buga kowace shekara sunan duk wanda aka kai magani waje da kuɗin jama'a, da abin da aka kashe, da sa hannun kwamitin da sashe na 46 ya ambata. Masu rajistar taimakekeniya su fito daga ofis su kafa tebur ran kasuwa a Dambatta da Bichi da Badume, lokacin kaka, sa'ad da kuɗi ke hannun manomi, a kuma yarda ya biya na shekara gaba ɗaya, gama manomi ba shi da ƙarshen wata. Mun san wasu za su ce, mu zuba kuɗi hannun hukuma a cinye? Tsoron nan yana da dalili. Maganinsa shi ne a shiga a ƙungiyance. Mutum ɗaya in aka hana shi magani da katinsa a hannu sai ya koma gida yana Allah ya isa. 'Yan hatsi ɗari uku da Sarkin Kasuwa a gaba ba a rufe musu taga.

Saboda haka muna roƙon shugabannin rassa da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na 'yan hatsi da mahauta da 'yan tireda da mata masu ƙuli-ƙuli, su sa wannan magana a taronsu na gaba. A naɗa mutum biyu masu karatu su je ofishin hukumar su tambayo kuɗin zubi na shekara, da cututtukan da katin ke biya da waɗanda ba ya biya, da asibitin da za a haɗa su da shi, su karɓo amsar a rubuce. Abin da suka samo su aiko mana, za mu buga shi a wannan shafi yadda yake, da sunan garin.