Kasuwar Maigatari da Darasin Shugabanci Ga Masu Harkar Ciniki

Kowace ranar Alhamis garin Maigatari, wanda ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar a arewacin Jihar Jigawa, yakan cika ya batse da fatake. Ana shigo da shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga ƙasar Damagaram da sauran sassan Nijar, a yi lodinsu a manyan motoci zuwa Kano da biranen kudu, su kuma mutanen Nijar su koma gida da hatsi da kayan masarufi. Wannan kasuwa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, kuma da ita jama'a masu yawa na Masarautar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, suke samun abin zaman gari.

To, amma daga shekarar 2019 zuwa yau kasuwar ta sha jarrabawa iri iri, ɗaya na bin ɗaya. Duk wanda ya duba yadda al'amuran suka gudana zai ga cewa akwai abin lura ga kowane mai riƙe da dukiya da mutane, ko attajiri ne mai yara hamsin, ko manajan kamfanin gwamnati, ko ɗalibin da yake shirin kama sana'a bayan ya gama makaranta. Abin lurar shi ne: ɗan kasuwa ba shi da iko a kan buɗe iyaka ko rufe ta, ba shi da iko a kan darajar kuɗi, amma yana da cikakken iko a kan littafinsa da jarinsa da mutanen da ke ƙarƙashinsa, kuma a nan ne ake gane shugaba.

Jarrabawar da aka sha

A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa domin hana fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa. A watan Nuwamba na wannan shekara Hukumar Kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, abin da ya shafi Maigatari kai tsaye. Ba a sake buɗe ƙofa ba sai ran 16 ga Disamba 2020, lokacin da aka buɗe iyakoki huɗu, watau Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Wata 16 ke nan ana zaman jira.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, daga nan tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai a farkon 2023, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris a kan a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. A kasuwar da makiyayi ya saba karɓar kuɗin sansa a hannu ya ƙirga, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota zuwa kudu ya hau. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar Amurka da ake canjawa a kan wajen naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ita kuwa sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, saboda haka mai sayen dabba da naira ya ga kayan Nijar sun yi masa tsada ba tare da mai dabbar ya ƙara ko sisi ba.

Sa'an nan ran 26 ga Yuli 2023 soja suka hamɓarar da Shugaba Muhammad Bazum a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024. Bayan an buɗe ma ba a koma yadda ake da ba. A watan Oktoba na 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje in ban da Mali da Burkina Faso, ran 29 ga Janairu 2025 ficewarta daga ECOWAS ta tabbata, kuma a watan Mayu na 2025, ana gab da Babbar Salla, ta dakatar da fitar da dabbobi domin ragon layya ya yi sauƙi a cikin gida.

Dattawan kasuwa ba za su ce wannan sabon abu ne ba. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakoki ta kuma canja kuɗi a lokaci guda, ba a buɗe ba sai a 1986. Ashe kuwa abin da ya faru fiye da sau ɗaya a rayuwar mutum guda ya fita daga sahun tsautsayi, ya zama yanayi irin na damina da rani, wanda mai hankali yakan yi masa tanadi.

Abin da ke hannun maigida

Tanadi na farko shi ne rubutu. Cinikin kara a kan amana yake tafiya. Baƙo yakan sauka wurin fatomansa, dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada, a ba da dabbobi bashi sai mota ta dawo daga Ikko ko Fatakwal a biya. Wannan tsari ya daɗe yana aiki, kuma ya fi takardun banki saurin biyan bukata. Raunin da ke gare shi shi ne lissafin yana cikin kan mutum ɗaya. Idan hanya ta toshe wata da watanni, ko maigida ya kwanta ciwo, ko ya riga mu gidan gaskiya, sai a rasa wanda zai faɗi nawa ake bin wane, nawa wane yake bi. Magabata sun san wannan. Ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya, da kuma malamin ayari mai riƙe da alƙalami. In har ayarin jakuna bai tashi ba sai da marubuci, bai kamata mai lodin tirela uku a mako ya zauna ba akawu ba. Littafi guda mai nuna abin da ya shigo, da abin da ya fita, da bashi da ranar biyansa, ya isa mafari, ko da boko aka rubuta ko da ajami.

Na biyu shi ne raba uwar kuɗi da kuɗin cefane. Attajiri a ƙasar Hausa uban jama'a ne, ana zuwa masa da bukatar biki da suna da asibiti, kuma ba wanda zai ce ya daina alheri. Amma idan aljihun da ake sayen kaya shi ne aljihun da ake yin hidima, to ba ranar da zai san ko riba yake ci ko jarinsa yake ci. Wannan ya fi haɗari a lokacin da kuɗi ke faɗuwa. Alal misali, mutumin da ya sayi shanu goma ya sayar ya ga naira ta ƙaru a hannunsa zai ɗauka ya ci riba, sai ya koma kara ya tarar kuɗin duka shanu takwas kawai za su saya. Wanda ke ciniki tsakanin naira da sefa wajibi ne ya auna jarinsa da yawan kayan da zai iya maidowa. Ya yanka wa kansa albashi kamar yadda yake yanka wa yaransa, abin da ya saura ya zauna a cikin sana'a, a kuma ware wani kaso da zai riƙe gida da ma'aikata in kasuwa ta tsaya.

Na uku shi ne kada arzikin gida duka ya rataya a kan ƙofa ɗaya. Ƙasar Gumel tana noma riɗi da zoɓo da gero da wake, kuma riɗi da zoɓo kaya ne da ake fitarwa ƙasashen waje ta tashar jiragen ruwa, ba su jiran a buɗe iyakar Nijar. Mai fataucin dabbobi da ya haɗa da kiwon turke a gida, ko ajiyar amfanin gona, yana da abin juyawa ran da aka ce ba shiga ba fita. Sai dai kasuwar waje tana da nata sharaɗi. A 2018 ƙasar Meksiko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓon Nijeriya, ta dakatar da saye saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya, aka yi shekaru kafin a sake buɗewa. Buhunan da mutane kaɗan suka yi sakaci da su sun jawo wa manoma dubbai asara. Saboda haka tsabtar kaya da cika mudu suna cikin aikin shugaba, bai kamata a bar wa ɗan dako su ba.

Na huɗu shi ne renon magaji. Gidajen kasuwanci nawa ne a Arewa suka watse a ranar rabon gado? Abin koyi a nan shi ne gidan Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955. Ya yi fataucin goro, ya koma sayen gyaɗa, ya yi hulɗa da banki tun 1929 lokacin da mutane da yawa ke binne kuɗi a ɗaka, ya kuma sa 'ya'yansa cikin sana'a tun yana da rai. Shi ya sa harkar ta wuce hannun Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025, kuma Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Har ila yau Dokar Kamfanoni ta 2020 ta halatta wa mutum ɗaya ya yi rajistar ƙaramin kamfani shi kaɗai, abin da ke ba sana'a suna da asusu nata na kanta, waɗanda ba su mutuwa da mutuwar mai ita.

Hakkin manajojin gwamnati

Wannan magana ba ta tsaya kan 'yan kasuwa ba. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari, da nufin jawo masu masana'antu su sarrafa kaya a bakin iyaka su fitar. Shawara ce mai kyau, domin ga kasuwa ga kaya ga maƙwabta masu saye. Duk da haka wurin ya shafe shekaru masu yawa bai kai ga abin da aka yi fata ba, alhali kasuwar Alhamis da ke kusa da shi, wadda ba ta da ofis mai hawa, tana ci ba fashi. Dalili a fili yake. Mai masana'anta yana tambayar wutar lantarki da ruwa da hanya, yana tambayar kwana nawa takardarsa za ta yi a kan tebur, yana kuma tambayar ko alkawarin da wannan gwamnati ta yi masa wadda za ta gaje ta za ta cika. Katanga da rumbuna ba su amsa waɗannan tambayoyi, ma'aikacin da aka damƙa wa wurin shi ne zai amsa su. Ya kamata a riƙa auna irin wannan manaja da yawan kamfanonin da ke aiki da yawan mutanen da suka ɗauka, a kuma buga ƙididdigar kowace shekara jama'a su gani.

Wani darasin yana Gagarawa. An ba kamfanin Lee fili mai faɗin wajen hekta 12,000 domin noman rake da yin sukari, amma manoma da yawa suka nuna rashin yarda da karɓar gonakinsu na gado, maganar ta daɗe ana ja-in-ja. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, abu guda ya tabbata: lokacin da za a ɓata wajen shawara da masu ƙasa tun farko bai kai wanda za a ɓata wajen sasanta rikici daga baya ba. Mai zuba jari da jami'in gwamnati duka suna bukatar yardar dagaci da mai unguwa da talakan da zai rasa gonarsa, kuma ba a samun wannan yarda da takardar izini kaɗai.

Abin da ke tafe

Akwai kuma abin da ya kamata shugabannin kasuwar Maigatari su sa wa ido. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a watan Fabrairu na 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya aka tsara za ta bi, ba ta Maigatari ba. Duk ran da jirgi ya fara ɗaukar kaya, wani kaso na fataucin Nijar zai iya karkata yamma. Mutanen wannan yanki sun san yadda dogo ke ɗaga gari, domin tashar Gagarawa tana kan tsohuwar hanyar Kano zuwa Nguru, sun kuma ga yadda gari ke yin sanyi in jirgi ya daina tsayawa. Abin da zai riƙe baƙo a Maigatari shi ne ya sami ruwan shayar da dabbobinsa, da likitan dabbobi, da wurin lodi, da haraji guda sananne mai rasiɗi, da kuma shugabannin da za su ƙwato masa hakkinsa cikin kwana ɗaya in an cuce shi. Waɗannan duka suna cikin ikon ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ba sai an jira Abuja ko Yamai ba.

Ga ma'aikacin gwamnati mai shirin zuba kuɗin sallamarsa a fatauci, da ɗalibin da ke karanta ilmin kasuwanci, Maigatari makaranta ce da ake shiga kyauta kowace Alhamis. Iyaka a buɗe take tun 2024, amma hukuncin da Yamai ta yanke a 2024 da 2025 ya nuna ana iya tsayar da kaya ko da ƙofa na buɗe. Wanda zai sayi littafin lissafi, ya ware jarinsa, ya kuma zaunar da yaronsa kusa da shi ya koya masa, yanzu ne lokacinsa, tun kasuwa tana ci.