A Biya Bashi Kafin A Raba Gado

Duk lokacin da Gwamnatin Tarayya ta tashi rushe wata hukuma ko kamfaninta, akwai wani sashe da ba ya ɓacewa daga dokar: dukiyar hukumar, da haƙƙoƙinta, da basussukan da ake binta, sun koma hannun gwamnati, minista ne zai san yadda za a yi da su. A takarda abubuwan nan uku tare suke tafiya. Amma da zarar an sa hannu sai su raba hanya. Gidaje da filaye sukan sami mai su kafin wata ya mutu, bashi kuwa ya zama maraya.

Ku 'yan'uwanmu mazauna Ikko ba ku bukatar a kawo muku shaida daga nesa. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, wanda ya yi shekaru yana jigilar alhazanmu zuwa Jidda, an rufe shi a 2003 zamanin mulkin Obasanjo. Ba a ɗauki dogon lokaci ba aka sayar da kadarorinsa. A 2006 ma'ajiyar jiragensa da ke Ikeja ta riga ta zama ta kamfanin Arik. To, ma'aikatan fa? Dubban mutane ne, matuƙa da makanikai da masinjoji da masu gadi. Sai a 2018, bayan shekara 15, Ministar Kuɗi Zainab Ahmed ta sanar da cewa an amince a biya su naira miliyan dubu 22 da ɗoriya, kusan rabin abin da suke bi ke nan. Da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar. Mai gadin da ya baro Katsina yana saurayi, ina zai sami kuɗin lauya ya yi ta shari'a da ma'aikatar gwamnati?

Sirrin abin a fili yake. Hukuma tana da ofis da hatimi, ana iya kai ƙararta da sunanta. Minista kuwa baƙo ne a kujerarsa: yau yana nan, gobe an yi garambawul, wanda ya gaje shi ya ce sai an kafa kwamitin tantancewa.

Duk da wannan darasi, Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta sake bin tsohuwar hanya. Ta ba Ministan Man Fetur da Ministan Kuɗi wata 18 su tantance wace kadara da wane bashi na tsohuwar NNPC za su koma sabon kamfanin, abin da suka bari ya jira har ya mutu ko ya faɗa wuyan gwamnati, wato wuyan talaka. Kada kuma a manta, Shugaba Buhari da kansa ne ke riƙe da kujerar Ministan Man Fetur a lokacin. Wa zai tambayi wa?

A shari'ar Musulunci ba a raba gadon mamaci sai an sauke bashinsa, kuma ba mu ga dalilin da zai sa gwamnati ta gaza wannan ba. Muna kira ga 'yan Majalisar Tarayya da kada su sake amincewa da irin wannan sashe sai an buga jerin kadarorin da na basussukan a gazet, kowa ya gani, an kuma rubuta cikin dokar cewa fansho da garatutin ma'aikata ne za a fara cirewa daga kuɗin gini na farko da aka sayar.