Zauren Iyali: Kunne Amana Ne, A Zaɓa Masa Abin Saurare Da Lura

 

Wasu iyaye sun tambaye mu game da na'urar saurare mai rufe kunnuwa biyu, wadda 'yan kasuwarmu ke kira kaske daga Faransanci, domin 'ya'yansu sun matsa a saya musu, kuɗi kuma ba su da yawa. Tambayar ta dace, domin a gidajenmu na Kuseri, har zuwa Marwa da Garwa, tsakar gida ɗaya ce ke ɗauke da mai jin tafsiri, da mai jin labarai, da ɗalibi mai bitar hadda, da matashi mai son waƙoƙin Mamman Shata ko na mawaƙan yau. Maganar hukuncin kiɗa mun bar wa malamai, su ne ma'abotanta. Abin da muke son faɗa shi ne, kaske mai kyau shi ne wanda zai sa mutum ya ji sosai ba tare da ya ƙure ƙara ba. Wanda ya riƙe wannan ma'auni ba zai yi asarar kuɗinsa ba, ba zai kuma cutar da kunnen ɗansa ba.

Mu fara da kunnen. A can cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya. Ƙara mai tsanani tana kashe su a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Mutum ba ya jin zafi yayin da hakan ke faruwa, sai dai wata rana ya fara jin tsiwa a kunne, ko ya riƙa cewa a maimaita masa magana a cikin taro. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan saurare. A 2019 kuma ta fitar da ma'auni tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya: babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80, yaro kuma awa 40 a kan desibel 75. Desibel shi ne mudun awon ƙara, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin da aka yarda da shi gida biyu. Ke nan a kan 86 saura awa 10, a kan 92 awa 2 da rabi, a kan 98 kuwa ko minti 40 ba su cika ba a mako guda. Faransa tun 1996 ta yi doka cewa na'urorin saurare na hannu kada su wuce desibel 100.

Me ke sa yaro ya ƙure ƙara? Galibi hayaniyar da ke kewaye da shi ce: kukan janareta, rurin babura, dakan turmi, rediyon maƙwabci. Ɗan ƙaramin ekutar da ke rataye a bakin kunne ba ya tare waɗannan, sai yaro ya yi ta ƙara murya don ya rinjaye su. A nan ne kaske mai rufe kunne gaba ɗaya ya fi, domin matashinsa yana kewaye kunne ya rage hayaniyar waje, sai a ji karatu ko waƙa a sauti mai sauƙi. Saboda haka abu na farko da za a duba shi ne bayan kofinsa ya zama a rufe. Akwai wani iri mai raga a baya, wanda masu ɗakin shiru ke so, amma yana shigar da hayaniya, yana kuma fitar da abin da ake ji zuwa ga na kusa. Wannan bai dace da ɗakin da mutum huɗu ke kwana ba.

Abu na biyu, waya ko Bluetooth? Ga mai ƙaramin ƙarfi muna ba da shawarar mai waya. Maras waya yana da batir a ciki, batir kuma ba ya shiri da zafi, alhali mun san yadda Kuseri take daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ƙari ga haka yana buƙatar caji a garin da wuta kan ɗauke. Mai waya ba ya cin caji nasa, kuma a yawancin wayoyin hannu igiyarsa ce ke zama eriyar rediyon FM. Sai dai a duba wayar gidan tukuna, ko tana da ramin nan na milimita 3.5. Kamfanin Apple ya cire shi daga iPhone tun 2016, wasu suka bi sahu, amma da yawa daga wayoyin Tecno da Itel masu rahusa suna da shi. A jikin kwali kuma a nemi lambar da aka rubuta da ohm. Daga 16 zuwa 32 ya dace da wayar hannu. Mai 250 na ɗakin ɗaukar sauti ne, wayar hannu ba za ta tuƙa shi yadda ya kamata ba.

Abu na uku, kada a saya sai an gwada. A tafi kasuwa da wayar gida, da karatun da kunne ya saba da shi. Mu mun fi son gwaji da tilawar Shaihu Mahmud Khalil al-Husari, wanda a 1961 aka fara ɗaukar cikakken Alƙur'ani murattal da muryarsa a Masar, domin haruffansa a fili suke. Idan kaske ya bambanta maka sinun da sadi, ka kuma ji ƙarshen kowace kalma alhali murya tana rabi, to ya yi. Idan kuwa sai dum-dum kake ji, muryar mai karatu ta koma kamar daga cikin randa, ka ajiye shi ko da mai shago ya yaba ƙarfinsa. A saurari kunnen dama da na hagu daban-daban. A lanƙwasa igiya kusa da bakinta a ji ko sauti na yankewa, domin daga nan yawancinsu ke mutuwa. Wanda ake iya cire igiyarsa a sauya ya fi daɗewa. A sa shi a kai na 'yan mintoci a ji ko yana matse kunne, musamman ga mai tabarau. Matashin roba mai kama da fata yakan sāɓule da gumi, don haka a tambaya ko ana samun na canji.

Abu na huɗu, a yi hattara da jabu. Idan aka ga sunan Sony ko JBL a kan kaya, farashinsa kuma bai kai na buhun gawayi ba, to araha ba ta ado. Gara sunan da bai yi fice ba amma ya ci gwajin kunne, da babban suna na ƙarya. Haka nan kada a ci bashi saboda wannan, kada kuma a taɓa kuɗin cefane ko na makaranta.

Bayan saye, sauran aiki na iyaye ne. Kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. Idan uwa ta yi magana daga nisan hannu ɗaya yaro bai ji ba, ƙarar ta yi yawa. A riƙa hutar da kunne bayan kowace awa, kada a kwana da shi a kai, kada kuma a fita da shi titi ko a hau babur. A goge matashinsa idan ana karɓa-karɓa, a kuma adana shi a jaka saboda ƙurar hunturu. Wanda ya fara jin tsiwa a kunne ko raguwar ji, a kai shi asibiti, kada a ɗiga masa mai ko a sosa da tsinke.

Akwai kuma ladabi. Abin da ya tare hayaniya yana iya tare kiran salla, da kiran mahaifi, da sallamar baƙo. Ya kamata kowane gida ya sa ƙa'ida: a cire shi idan lokacin salla ya gabato, a cire shi a wurin cin abinci, a cire shi gaban manya. Uba kuma yana da haƙƙin ya karɓa lokaci-lokaci ya ji abin da ɗansa ke ji, cikin lumana ba da tsawa ba, domin abin da a da ake ji a rediyon tsakar gida kowa na shaida, yanzu ya koma tsakanin yaro da kunnensa.

Ji yana daga cikin ni'imomin da za a tambaye mu a kansu. Allah Ya tsare mana jinmu da ganinmu, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.