Makarantar Dare a Adjame: Da Wane Harshe Za a Fara?

A Abijan, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kodebuwa, rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe shida kusan ko wane wata na shekara. Lokacin ne ake rufe rumfuna a kasuwar Adjame, motocin gbaka su cika maƙil da masu komawa Abobo da Yopougon, a kuma kunna fitilun wasu azuzuwan da yara suka bari tun la'asar. Waɗanda ke shiga su zauna a kan bencin yaran manya ne: teloli, 'yan aikin gida, masu gadi, 'yan tireda. Faransanci ya kira wannan karatu cours du soir, Bahaushe kuwa yana da sunansa tun da daɗewa, wato makarantar dare. Wasu na koyon baƙaƙe ne daga tushe, wasu na shirin jarrabawar CEPE ta ƙarshen firamare, ko BEPC, ko BAC mai buɗe ƙofar jami'a.

A unguwar Adjame Saint-Michel, wadda ta samu suna daga cocin Katolika da ke wurin, da kuma Treichville a tsallaken ruwa, Hausawa ba baƙin jiya ba ne. Fataucin goron Anyama da shanu da albasar Galmi ya daɗe da kawo su daga Nijar da Nijeriya. Har abincin titi mafi shahara a birnin, garin rogo da soyayyen kifi, sunan Garba ya ɗauka, saboda 'yan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi, kuma mai kofi na bakin hanya aboki ake ce masa. Harshen ya shiga bakin mutanen gari, amma bai shiga aji ba.

Dokar 2015 ta wajabta karatu ga duk yaro daga shekara 6 zuwa 16. Ta kama 'ya'ya, ta bar iyaye. Uban da ya zo daga Tawa ko Maraɗi yana ɗan shekara ashirin, yau yana karɓar takardar sakamakon ɗansa ya juya ta bai san abin da ta ƙunsa ba. Yana sa hannu a yarjejeniyar hayar rumfa bisa amanar wanda ya karanta masa. Yana miƙa wayarsa ga wani ya duba masa saƙon Orange Money ko Wave, wato ya buɗe wa bare sirrin aljihunsa. Idan ma'aikacin lampo ya zo da takarda, ba ya iya bambance ta gaskiya da ta bogi. Ga irin wannan mutum makarantar dare maganar tsare dukiya ce da mutunci.

Sai dai in ya je, da Faransanci ake tarbarsa tun daga harafin farko, a ɗora masa kaya biyu lokaci guda: koyon rubutu, da koyon harshen da ake rubutawa. Mafi muni, ana ƙidaya shi cikin waɗanda ba su san komai ba. Mai karatu ya dubi yadda wannan ɗan kasuwa ke ƙirga kuɗi. A Hausar Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, ɗari sefa 500, jika kuwa dala 200, wato sefa 1,000. Julanci, harshen ciniki na Adjame, shi ma da biyar-biyar yake ƙirga. Saboda haka duk sanda mai saye ya faɗi farashi da Faransanci, mai rumfa yana raba shi gida biyar a kansa, ya mayar da canji ba tare da kuskure ba, sau ɗari a wuni. Mutumin da ke wannan aiki ba a fara masa da ɗaya a tara da ɗaya. Abin da ya rasa shi ne yadda zai zuba lissafinsa a takarda, ya ware uwar kuɗi da riba da bashi. Da yawansu kuma sun yi karatun allo, wasu har suna rubuta sunayen masu cin bashi da ajami. Wanda ya san cewa alama a takarda tana wakiltar sauti ya riga ya ci rabin tafiya.

Hujjar masu cewa a bar Hausa a gida tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Da Faransanci ake rubuta jarrabawa, da shi ake magana a kotu da asibiti, kuma Hausa ba ta cikin manyan harsunan Kodebuwa. Wa zai biya kuɗin wata don a koya masa harshen da ya tsotsa a nono? Amsar ita ce babu wanda ya ce a tsaya a Hausa. Rubutun boko na Hausa da na Faransanci haruffan Latin suke amfani da su, amma na Hausa ana rubuta shi kusan yadda ake furta shi, alhali Faransanci cike yake da haruffan da ba a faɗa. Baligin da ya ga sunansa da na garinsu da na hajarsa a rubuce cikin makonnin farko ya fi saurin dawowa gobe, kuma idan ya juya ga Faransanci kalmomi kawai zai nema, hannu ya riga ya faɗa.

An taɓa bin wannan hanya. A shekarun 1950 Jihar Arewa ta Nijeriya ta gudanar da Yaƙi da Jahilci cikin harsunan mutane, hukumar NORLA a Zariya tana buga littattafai da jaridu domin sababbin masu karatu. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano. Nijar ma ta koyar da manya da Hausa tun shekarun 1960, taron Bamako na 1966 kuma ya zauna kan daidaita rubutun harshen. Littattafan farawa suna nan a Yamai da Kano. Ɗauko su ne ba a yi ba.

Ba kuma baƙaƙe kaɗai ake bukata ba. Ajin da zai riƙe ɗan kasuwa sai ya haɗa lissafin shago, da karatun takardar haya da ta zama a ƙasa, da sarrafa waya da kwamfuta, da fahimtar takardar magani. Mata, waɗanda su ne ke kai yara asibiti, sun fi kowa bukatar wannan na ƙarshe, kuma ajinsu zai fi dacewa da hantsi ko bayan azahar. Na maza kuwa in aka sa shi ƙarfe shida ya ci karo da Magariba da rufe rumfa. Bayan Isha'i ya fi, domin lokacin da manya suka saba ɗaukar karatun littattafai ke nan a zauren malam.

Gwamnatin Kodebuwa tana da harsunan gida fiye da sittin da ke jiran kulawarta, don haka da wuya ta fara da na baƙi. Aikin na shugabannin Hausawa ne da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwar goro da albasa. Su ke da ɗakunan Islamiyya da ke zama a rufe da dare, su ke iya haɗa kuɗin malami, kuma a gidajensu akwai samari da 'yan mata haifaffun Abijan da suka ci BAC, masu jin Hausa da Julanci da Faransanci. Waɗannan matasa sati kaɗan ya ishe su su koyi ƙa'idojin rubutun Hausa, su san bambancin k da ƙ, da d da ɗ, kafin a ba su allo da alli.